Fuska ta Biyu

6 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Na san wasiƙar nan za ta zo maka ba zato, don rabonka da ni tun ina 'yar shekara bakwai. Ni ce 'yar ɗan'uwanka mai gyaran agogo, wadda ta karya muku allurar garmaho har ka laƙaba mata suna Allura. Sunan ya bi ni, don yanzu aikin jinya nake yi a asibiti. Goggo ce ta ba ni adireshinka, bayan ta sa na yi alkawarin ba zan ce ita ce ba. Ka ga irin riƙon alkawarina.

Baba ba shi da lafiya. Mako biyar ke nan da ya faɗi a shago, gilashin duba agogo na maƙale a idonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu da kyar. Na ɗauko shi ya dawo gidana, yana ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Likita bai ɓoye mini ba, ni ma ban yaudari kaina ba. Zuciyarsa ta gaji, maganar watanni ake yi, wataƙila ma ba za su cika ba.

Ba abin da ke kwantar masa da hankali sai faya-fayan nan nasa na tsofaffin kiɗe-kiɗen Turawa, waɗanda ba waƙa a cikinsu. Na kwaso su duka har da garmahon, sun fi ɗari biyu. Matsalar ita ce ban san kansu ba. Tun ranar da na karya allura aka kafa mini dokar kada in ƙara matsawa kusa da su, ni kuma na yi zuciya ban ƙara ba. Yanzu sai in zaro duk wanda ya zo hannuna in sa masa. Jiya na sa wani, ashe ganguna ne da ƙahonni kamar za a fita yaƙi, sai da ya ture kofin ruwa da hannunsa mai lafiya.

Na san akwai abin da ya shiga tsakaninku. Ba a taɓa gaya mini ko mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Amma an ce shekara talatin ka yi kana kula da ɗakin faya-fayai a gidan rediyo, kuma yawancin na Baba tare kuka zaɓe su. Ina roƙonka ka rubuto mini wanda zan sa masa, da wanda zan guje wa.

Abu na ƙarshe. Yana kiran sunanka, wanda shi kaɗai ke kiranka da shi, wato Kunne. Akwai wasu kalmomi biyu da yake haɗawa da shi, amma bakinsa ba ya fita sosai, ba na so in rubuta abin da ban tabbatar ba.

'Yarka,
Allura

15 ga Maris

Allura 'yata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, in ban da gwiwa da ke yi mini gardama kowace safiya. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karanta ta a zaune. Allah ya ba ɗan'uwana sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri. Ki gaya wa Goggonki na ga hannunta a cikin wannan aiki tun kafin ki tona ta.

Kafin komai, faifai ba faranti ba ne. Ki riƙe shi ta baki-baki da tafukan hannu, kada yatsa ya taɓa layukan. Ki goge shi da ƙyalle mai laushi kina bin zagayen. Ki tabbata gudun garmahon yana kan talatin da uku. In kika bar shi a kan arba'in da biyar, babban goge zai koma kukan sauro, mahaifinki kuma ya tashi daga gadon nan ya kore ki. Wataƙila ma shi ne maganin da likitocinku suka kasa samowa.

Da safe ki nemi mai koren kwali da hoton taga. Babban goge ne shi kaɗai, irin wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Za ki ga wani mai jan kwali, kiɗan ɗaya ne amma makaɗin daban. Ki bar shi inda yake. Saurayi ne, yana gudu kamar mota za ta tashi ta bar shi. Na koren kwalin tsoho ne, za ki ji yana jan numfashi kafin kowane dogon ja, akwai ma inda yatsansa ya ɗan zame. Mahaifinki yakan ce wannan zamewar ce ta sa ya yarda da mutumin.

Bayan ya ci abincin rana ki sa masa fiyano, wanda hoton hannayen wata tsohuwa kawai ke kan kwalinsa. A gaban jama'a aka ɗauke shi. Wajen minti na shida wani bawan Allah ya yi tari sau biyu, daidai inda kiɗan ya fi laushi. Mun yi shekara muna zaginsa, daga baya muka saba da shi har muka koma jiran zuwansa.

Da yamma goge huɗu, farin kwali. Su huɗu suna hira, ba mai katse wani. Ba irin danginmu ba ne.

Duk kwalin da kika ga makaɗa sun cika shi maƙil, ki ajiye shi tukuna. Kuma in kiɗa na tafiya kada ki yi ta tambayarsa ko ya ji daɗi. Ki kalli hannunsa na hagu. In babban yatsansa na bin kiɗan a kan bargo, to kin dace.

Kada ki neme ni ta waya, ba na shiri da ita. Ki rubuto.

Yanzu maganar kalmomi biyu. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin saba gane abin da marar lafiya ke faɗa ko bakinsa a karkace yake. Kin ji su sarai, kunya ce ta hana ki. Ki rubuto mini su yadda suka fito, ba kwalliya.

Baffanki

27 ga Maris

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa? Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kafin ka sauko daga gado. Jikin Baba da ɗan dama, yana cin abinci kaɗan-kaɗan.

Na bi abin da ka ce, har da goge faifai ina bin zagaye kamar mai tsoron ya cije ni. Mai koren kwali ya yi aiki. Yatsan nan da ka ce in kalla ya fara motsi tun kafin minti biyu. Na fiyano kuwa sai da ya sa ni hawaye. Muna zaune shiru sai na ga ya ɗaga yatsa sama yana kallona, ban gane ba, sai ga tarin mutumin nan sau biyu. Rabin bakinsa ya yi murmushi. Shi ne murmushinsa na farko tun da ya faɗi. Na gode, Baffa.

Ka ce in rubuto kalmomin ba kwalliya. Kwana uku takardar nan na kan tebur na kasa wuce wannan layin. Abin da yake cewa shi ne, "Kunne. Fuska biyu."

Na yi ta fatan ko kunnena ne, amma ya maimaita ya fi sau goma. In zai faɗa sai fuskarsa ta ɗaure, ya riƙa dukan katifa, wani lokaci har numfashinsa ya sarƙe. Na san abin da ake nufi in an ce mutum fuska biyu gare shi, shi ya sa na so in ɓoye. Don Allah kada ka riƙe shi da wannan. Ciwon nan yakan tono tsohon abu ya ajiye a bakin mutum ba da son ransa ba, na sha gani a asibiti.

Ka ƙaro mini wasu faya-fayan, kada waɗannan uku su gundure shi.

'Yarka,
Allura

24 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ka shiru, don yau kusan wata guda ke nan. Kullum na dawo daga aiki akwatin wasiƙa nake fara buɗewa kafin in cire takalmi.

Jikin Baba ya ja baya. Ƙafafunsa sun kumbura, sai an jingina shi da matasai uku yake samun numfashi. Daga yau na ɗauki hutu a wurin aiki. Zan faɗa maka gaskiya, raina ya ɓaci. Kai ka matsa sai na rubuto maganar nan, na rubuto, ka ɗauke ƙafa. Ban yi zaton wanda ake kira Kunne zai toshe nasa a irin wannan lokaci ba. Ka yi haƙuri da bakina, gajiya ce da tsoro.

Ga wata damuwar kuma. Ya ƙi duk faya-fayan da ka zaɓa, har mai koren kwalin. Guda ɗaya kawai yake nunawa, wani mai kaurin shuɗin kwali kamar littafi, irin mai makaɗa da yawa da ka ce in ajiye. In na sa gefen farko lafiya lau. Yana farawa can ƙasa-ƙasa, ƙaho ɗaya daga nesa, sai gogayen su shigo a hankali, ya yi ta hawa har ya tsaya kamar an yi tambaya ana jiran amsa. Da na juya ɗaya gefen sai kiɗa ya ɓarke da murna kamar an ci wata nasara, shi kuma nan take ya birkice. A nan ne yake dukan katifa yana faɗin kalmomin nan. Ina ganin faifan ne ke tuna masa da kai. Jiya sai da na sa masa maganin ƙarƙashin harshe.

Ni dai ban yarda da faifan ba ma. Kamar daga kamfani aka yi kuskure, gefe ɗaya an buga 1, in ka juya sai ka ga 4. Kwalin kuma aljihu biyu gare shi, ɗaya ba komai a ciki.

In ɓoye shi ne in ce ya ɓata, ko in ci gaba da sa masa? Ko layi ɗaya ne ka amsa mini wannan.

'Yarka,
Allura

25 ga Afrilu

Allura,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Wasiƙa biyar na rubuta na yage, wannan ta shida ce, kuma zan kai ta gidan waya kafin in sake karanta ta.

A wasiƙarki ta ƙarshen Maris kin ce ciwo ne ya sa masa maganar a baki. Ba ciwo ba ne. Ita ce kalma ta ƙarshe da ya faɗa mini da lafiyarsa, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, a tsakar ɗakin da muke haya tare, inda kika karya mana allura.

Ga abin da ba a gaya miki ba. An nemi mai gyaran na'urori a gidan rediyo. Ba wanda ya kai mahaifinki hannu, kuma yana son aikin nan kamar ransa, don ya zauna kusa da faya-fayai dubu goma. Na yi masa alkawarin zan tsaya masa. Ranar tantancewa ina cikin mutum biyar da ke zaune. Shugabanmu ya tambaye ni halinsa, na ce hannunsa ba na biyunsa, amma yana da zafin rai, ba ya ɗaukar gyara. Gaskiya na faɗa, amma ba don gaskiya na faɗa ba. Tsoro nake ji. A gidan nan ni ne mai kunne, shi kuwa na san ya fi ni ji, in ya shigo kowa zai gane. Aka ba wani aikin. Magana ta koma masa kafin in isa gida. Ya ce mini mai fuska biyu, muka raba kayan ɗaki, ban ƙara ganinsa ba.

Da wasiƙarki ta farko ta zo na ce ashe ya huce. Har na fito da jakar tafiya na kakkaɓe ta. Ashe yana kwance ne da rabin jiki, kalma goma ba ta rage masa ba, ya ware biyu don ya tuna mini ko ni wane ne.

Ki karanta masa wannan. Ki ce na ji saƙonsa, kuma ban musa ba. Ki ce ba zan zo in tsaya masa a ka in ƙara masa ciwo ba. Ya riƙe fushinsa, nasa ne, ya biya shi da tsada. Ke kuma ki daina wahalar da kanki da rubuto mini. Faya-fayai ukun nan sun isa.

Baffanki

3 ga Mayu

Allura, 'yata,

Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Wasiƙarki ta ashirin da huɗu ga Afrilu yanzu ta shigo hannuna. Abu na farko, in wadda na aiko ranar ashirin da biyar ba ta iso ba, ki ƙona ta a rufe. In ta iso, don girman Allah kada ki karanta masa.

Ba zagina yake yi ba. Faifai yake nema.

Ke kina cewa gefe. Mu da muka tashi a kan garmaho ba ma cewa gefe, fuska muke cewa. Fuska ta ɗaya, fuska ta biyu. Bakinsa ne ya haɗiye "ta". Ni da na yi shekara talatin ina rubuta kalmar nan a kan kati kullum, na karanta ta a wasiƙarki ban gane ta ba, don abin da nake jira in ji ke nan tun tuni.

Kamfani bai yi kuskure ba. Kiɗan nan dogo ne, faifai biyu ne, fuska huɗu. A da akwai garmahon da ake ɗora masa faifai biyu a sama, in na farko ya ƙare na biyu ya faɗo da kansa, sannan a juya su tare. Saboda haka ake buga 1 da 4 a kan ɗaya, 2 da 3 a kan ɗayan. Ranar da muka raba kaya, a kan wannan shuɗin kwalin muka tsaya, kowa ya ce nasa ne. Ya zare ɗaya, na zare ɗaya. Shi ya tafi da kwalin da farkon kiɗan da ƙarshensa, ni na tafi da tsakiya. Kina sa masa tambaya, sai ki juya ki sa masa murna, amsar kuwa tana nan cikin durowata a naɗe da tsohuwar riga. Fuska ta biyu ita ce mai tafiya a hankali, inda sarewa ke ɗaukar abin da ƙahon nan ya bari. Shekara ashirin da bakwai bai ji ta ba.

Kada ki ɓoye faifan. Ki sa masa ta ɗaya, in ta ƙare ki ɗaga allura, kada ki juya. Ki ce masa ta biyu tana hanya.

Ba zan sa faifan nawa a gidan waya ba, zafi zai lanƙwasa shi ko a jefa buhu a kansa. Na ba kafinta ya haɗa mini ɗan akwatin katako. Jirgin ƙasa sai ranar Alhamis, kwana biyu ne a hanya. Zan riƙe shi a cinyata. Ki riƙe mini ɗan'uwana da rai, Allura. Na san ba a hannunki yake ba, amma ba ni da wanda zan roƙa a nan ƙasa sai ke.

Baffanki

4 ga Mayu

Baffa,

Wasiƙarka ta ashirin da biyar ga Afrilu ta iso jiya. Ka ce in karanta masa, na karanta masa, tun daga farko har ƙarshe. Da na yi shawara da kaina da ban yi ba, amma ina cikin fushi da kai.

Da na kai wurin tantancewar nan bai nuna komai ba, kamar tsohon labari. Da na kai inda ka ce ba za ka zo ba, sai ya fara cewa a'a, a'a. Ya ɗaga yatsu biyu, ya riƙa kifa tafin hannunsa yana buɗewa, yana kallona kamar zai cinye ni don na kasa ganewa. Har yanzu ban gane ba. Daga nan ya juya fuska bango. Tun jiya bai ci komai ba, ruwa ma sai da cokali. Na kawo shuɗin kwalin ya rufe ido.

Ban san wanda zan ɗora wa laifi ba tsakanina da kai. Na rubuto ne kawai don ka sani. Ba sai ka amsa ba.

Allura

2 ga Yuni

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lafiya, gwiwa kuma ba ta rama wahalar jirgi a kanka ba. Na san saƙon rasuwar ya same ka. Kwana shida ya ƙara bayan tafiyarka, ya cika da hantsi, taga a buɗe, ba wahala. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Wasiƙarka ta uku ga Mayu sai da ka kwana biyu a gidana ta iso. Tawa ta huɗu ga Mayu kuma na san ka tarar da ita tana jiranka, ka yage ta.

Akwai abin da na gane ban faɗa ba. Ba ka ji, Baffa. Tun ranar da ka iso na yi maka sannu da zuwa sau uku daga bayanka ba ka waiwayo ba. Bakin mutum kake kallo. Da ka sa faifan ka ɗora tafin hannunka a kan lasifika, ka ce kana duba ko tana da lafiya. A fuska ta uku allura ta maƙale tana maimaita wuri ɗaya, kai kana ta kaɗa kai, sai da na miƙa hannu na ɗan tura ta. Duk abin da ka rubuto mini, numfashin tsohon nan da tarin mutumin nan, daga ka kake faɗa. Ban ga aibin wannan ba, amma tun da ka ɓoye na bar maka abinka. Baba ma ya gane, ya kalle ni ya taɓa kunnensa.

To bakin Baba a karkace yake, ba ya karantuwa. Saboda haka akwai abin da ya faɗa ranar nan da bai iso gare ka ba, kuma naka ne.

Da ka shigo ka buɗe akwatin katakon ka nuna masa lamba 2, ya juyo daga bango ya daɗe yana kallonka. Ka ga bakinsa ya motsa ka ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Abin da ya ce shi ne, "Sakarai." Dariyar da ka ga yana yi har da tari, ta wannan ce.

Da fuska ta biyu ta fara, wani shuu ne ya riga kiɗan fitowa, kamar ruwan sama a kan kwano. Faifanka ya sha allura har ya yi fari, sarewar da kyar take ratsowa. Ya saurara, ya ce, "Ka cinye shi." Nasa ma haka yake. Sai a lokacin na gane kowannenku ya yi shekarun nan yana jin rabinsa shi kaɗai.

Abu na uku da ya faɗa shi ne ya hana ni sukuni. Da fuska ta huɗu ta ƙare, ka riƙe hannunsa na hagu, ka sunkuyar da kai ka ce ya yafe maka. Ka daɗe a sunkuye. Ni na ɗauka ka ji, don na ga kafaɗunka na rawa. Sai a tasha, jirgi ya fara motsi, ka leƙo ta taga ka ce mini, "Bai amsa ba, amma ba komai, na dai faɗa." Na bi jirgin ina ɗaga murya ina gaya maka, kai kuwa kana ta ɗaga mini hannu kana murmushi.

Ya amsa, Baffa. Kanka na ƙasa ne. Ya ce, "Tuni." Da ya ga ba ka ɗago ba ya sake faɗa, a fili, ba inda bakinsa ya karkata. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji.

Faya-fayan biyu suna cikin shuɗin kwalin, kowanne a aljihunsa. Kullum da hantsi nakan sa su bi da bi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, kuma har yanzu ban karya allura ba. Hutuna na gaba zan kawo maka su da kaina a cikin akwatin katakon, in kai ka wurin likitan kunne ko kana so ko ba ka so.

'Yarka,
Allura